Rafin Rae da Ambaliyar da Ta Cinye Rami na 11 a Augusta

A watan Afrilun 1990, da yamma lis, Raymond Floyd ya ɗaga sanda a rami na 11 na filin golf ɗin Augusta National da ke jihar Jojiya a Amurka. Shi da Nick Faldo sun yi kunnen doki a gasar Masters, wadda ake yi a filin duk shekara, ana bugun raba gardama. Ƙwallon Floyd ta zame hagu, ta faɗa tsundum cikin kududdufin da ke gefen ramin, Faldo kuwa ya sake sanya koren kwat ɗin da ake bai wa zakara. Wata shida bayan nan, cikin Oktoba, ko wurin da Faldo ya tsaya ya zura ƙwallonsa ta ƙarshe babu shi. Ruwa ya bi ta kai, ya yi awon gaba da shi.

Ga wanda bai saba da wasan ba (wasu kan ce masa ƙwallon lambu), fili yana da ramuka 18, kuma wanda ya gama su da bugu mafi ƙaranci shi ke cin wasa. Kowane rami yana da mafari inda ake bugun farko, da doguwar shimfiɗar ciyawa, sannan a ƙarshe wani ɗan dandali da aka aske ciyawarsa ƙwal, inda ainihin ramin yake. Wannan dandali shi 'yan wasa ke kira girin. Ruwan da ke cikin fili kuwa tarko ne da aka ɗana da gangan: ƙwallonka ta faɗa ciki, an ci ka tarar bugu ɗaya. Wannan a wajen ɗan wasa ke nan. A wajen ma'aikatan fili, ruwan nan shi ne magudana, shi ne ado, a filaye da dama ma shi ne rumbun ban-ruwa, kuma shi ne abin da ya fi hana su barci.

Ruwa iri biyu a fili ɗaya

Zakaran golf Bobby Jones da mai zana filaye Alister MacKenzie ne suka tsara filin a kan wata tsohuwar gonar renon itatuwa mai suna Fruitland, aka fara gasar Masters a kansa a 1934. Filin gangare ne sosai. Daga tudun da ginin kulob yake zuwa ƙasan kwari akwai zurfin da ya kai kimanin mita 50, abin da talabijin ba ya nunawa. A can ƙasan kwarin ne Rafin Rae ya ratsa, ya bi ta bayan girin na 11, ya gitta ta gaban na 12, ya wuce ta gaban mafarin na 13. Wata 'yar ƙorama, reshensa, ita ce ke bin gefen hagu na rami na 13 har ta gitta gaban girin ɗinsa. Wannan lungu shi ne marubucin wasanni Herbert Warren Wind ya laƙaba wa suna Amen Corner a 1958, wato kusurwar amin, inda ɗan wasa ke buga ƙwallo yana addu'a.

Rafin ya samo sunansa daga John Rae, wani ɗan kasuwa daga Ayalan da ya zauna a yankin a ƙarni na 18. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 16, kuma ɗan guntu ne kawai daga ciki ya ratsa filin. Daga yammacin birnin yake tasowa, ya bi ta unguwanni da ƙarƙashin tituna, ya shiga filin Masters da na maƙwabcinsa Augusta Country Club, ya je ya zube a Tafkin Olmstead, daga nan ruwan ya nufi Kogin Savannah. Duk wanda ya shafe tsakar gidansa da siminti a yammacin birnin, ko ya gina kanti da makeken wurin ajiye motoci, ya ƙara wa rafin nan kaya. Ruwan da a da ƙasa ke shanyewa sannu a hankali, yanzu kwalta ce ke tunkuɗo shi gaba ɗaya cikin 'yan mintoci.

Kududdufan kuwa aikin hannu ne. A farko, rami na 16 ɗan gajere ne da ƙorama a gabansa. A 1947 wani mai zana filaye, Robert Trent Jones, ya sake masa fasali, aka datse ƙoramar ta zama dogon kududdufin da ake gani yau. Na gefen girin na 11 a 1950 aka yi shi. Na gaban girin na 15 shi ma siririn ruwa ne aka yi ta faɗaɗawa. Har Janar Eisenhower, wanda ya shugabanci Amurka kuma ɗan kulob ɗin ne, ya taɓa dawowa daga yawo a gabashin filin ya ce ya ga wurin da ya dace a datse a yi tafkin kifi. Aka datse, har yau da sunansa ake kiran tafkin.

A nan gizo ke saƙar. Kududdufi naka ne: kai ka haƙa, kai ke sa masa iyaka, in ka so ka zuƙe shi ƙarƙaf ka gyara. Rafi na gari ne, aro aka ba ka. Kuskuren da aka tafka a Augusta, a ganina, shi ne an daɗe ana yi wa rafin kallon kududdufi. An yi masa 'yar madatsa don ya kwanta luf, ya faɗaɗa a gaban rami na 12, ya zama madubi. An kawo girin har bakin gaɓarsa. An ɗora masa gadojin dutse, masu sunayen zakarun gasar Hogan da Nelson, a 1958. Shekaru suka yi ta tafiya, yana ɗan fitowa daga gaɓa jefi-jefi yana komawa, aka saki jiki.

Oktoban 1990

Ragowar wasu guguwowin teku biyu, Marco da Klaus, suka haɗu da wata iska mai sanyi a saman Jojiya da jihohin Karolina, sama ta ɓalle. A kusa da garin Louisville, kudu maso yamma da Augusta, an auna ruwan da ya kai kusan milimita 500. Ruwan shekara guda a yankin bai wuce milimita 1,100 da 'yan kai ba, wato kusan rabin na shekara ya sauka cikin 'yan kwanaki. A cikin birnin Augusta an kwashe ɗaruruwan mutane daga gidajensu, an kuma yi asarar rayuka a jihar. Ya kamata a faɗi wannan kafin a yi maganar ciyawa.

Lokacin ma ya zo da rashin sa'a. Kulob ɗin kan rufe daga ƙarshen Mayu, ya buɗe a Oktoba, bayan an watsa sabon irin ciyawar sanyi a kan ta zafi. Ke nan ciyawar tana jaririya, saiwarta ba ta kama ƙasa ba, ruwan ya iso. Rafin ya cika ya batse, ya bar hanyarsa, ya miƙe ta inda ya ga dama. Girin na 11 ya tafi ɗungurungum, mafarin 'yan kulob na rami na 13 ya lalace, lungun gaba ɗaya ya koma taɓo da tarkace.

Me ya sa girin ke tafiya haka da sauƙi? Saboda girin na zamani tulin yashi ne aka lulluɓe da ciyawa. A can ƙasa akwai bututan tsane ruwa, sai tsakuwa mai kaurin kusan santimita 10, sai yashi gauraye da ɗan ruɓaɓɓen ganye mai kaurin santimita 30, sannan ciyawa a sama kamar darduma. An yi shi ne don ruwan sama ya ratsa ya wuce ƙasa da sauri. Ba a yi shi don ruwa mai gudu ya buge shi daga gefe ba. Da zarar igiyar ruwa ta sami bakin dardumar ta ɗage ta, yashin da ke ƙasa ba ya da wani abin riƙewa.

Wanda ruwa bai kwashe ba ma bai tsira ba. Ƙasar Jojiya jan yumɓu ce, kuma in ambaliya ta janye takan bar laɓo mai santsi a kan ciyawa. Kaurin ɗan yatsa ya isa ya shaƙe ta. In aka bar shi ya bushe, sai ya toshe ƙofofin yashin, girin ya daina tsane ruwa na tsawon shekaru. Shi ya sa aikin farko bayan ambaliya ba na injiniya ba ne, na shebur ne mai faɗin baki da mesar ruwa: a kankare laɓon a hankali, kada a yanki ciyawar, a wanke saura tun yana ɗanye, daga baya a huda girin da dubban ƙananan ramuka a cika da sabon yashi.

Abin da ya ceci Augusta shi ne takarda. Tun kafin ambaliyar an auna girin ɗin filin dalla-dalla, an ajiye taswirar kowane tudu da kowane kwari. Da ita aka sake gina na 11 cikin makonni, aka mayar da gangarensa yadda yake. Da Afrilun 1991 ya zagayo, Ian Woosnam ya lashe gasar, masu kallo a talabijin ba su ga alamar wani abu ya faru ba. Wannan darasi ne mai arha da kowane fili zai iya ɗauka: auna abinka tun yana nan. Sauran gyaran ya ɗauki shekaru. An buɗa wa rafin hanya, an inganta yadda ake sarrafa tsayin ruwansa, a 1999 kuma aka sake taɓa girin na 11 da kududdufinsa, aka ɗaga shi sama. Wato an karɓi gaskiyar cewa rafin zai dawo, gara a matsa masa.

Ita kanta madatsar tana da nata haraji. Duk inda ka rage wa ruwa gudu, nan zai sauke abin da ya ɗauko. Laka na taruwa a bayanta, zurfi na raguwa, wurin da zai ɗauki ruwan ambaliya na ƙanƙancewa. Dole a riƙa yasa, kamar yadda ake yashe rijiya, dole kuma a sami mai lura da hasashen yanayi wanda zai rage ruwan tun hadari bai iso ba.

Ruwa ba ya tsami banza

Ambaliya takan zo sau ɗaya a shekaru masu yawa. Ciwon yau da kullum na kududdufin golf shi ne gansakuka, kuma sanadinta a fili yake. An kewaye ruwa mai kwanciya da ciyawar da ake ɗura wa takin zamani, ana yi mata ban-ruwa, ana aske ta kullum. Abin da ciyawa ba ta ci ba na sinadarin naitirojin da fosfaras, gangarawa yake yi cikin kududdufi. Ɓarɓashin ciyawar da aka yanke, da ganyen bishiya, da kashin dinya, duk can suke ƙarewa. Fosfaras kaɗan ƙwarai ya isa: abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na miligiram ba a lita guda yana iya mayar da ruwa kore shar.

Ga yadda abin ke kashe kududdufi. Da rana gansakuka tana fitar da iskar shaƙa, ruwa ya wadata. Da dare sai ta juya tana zuƙa, ita da ƙwayoyin da ke cin ruɓaɓɓen abin da ya kwanta a ƙasa. Ruwan zafi kuma dama ba ya riƙe iska sosai: a ma'aunin zafi 20 lita guda kan riƙe kusan miligiram 9, a 30 kuwa bai fi 7 da rabi ba. Saboda haka mai kula da kududdufi na gaskiya da asuba yake zuwa duba shi, ba da azahar ba. In ya tarar kifaye sun taso sama suna buɗe baki suna haki, ya san daren bai yi kyau ba. Akwai kuma wani tarkon. A lokacin zafi ruwa kan rabu biyu, mai ɗumi a sama, mai sanyi marar iska a ƙasa. Ranar da aka yi ruwan sama mai sanyi da iska, sai ya juye gaba ɗaya, na ƙasa ya taso da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, a wayi gari kifaye sun yi fari fat a bakin gaɓa.

Maɓuɓɓugar nan mai feshi da ake gani a tsakiyar kududdufai, yawanci saman ruwa kawai take motsawa. In kududdufi ya yi zurfi, injin hura iska ake ajiyewa a gaɓa, a ja mesa zuwa ƙasan ruwa, kumfa ya riƙa tasowa yana juya shi. Wasu kan zuba wani nau'in kifi mai cin ciyawar ruwa, wanda aka yi wa dabara ba ya haihuwa don kada ya mamaye koguna. Maganin kashe gansakuka mai sinadarin jan ƙarfe kuwa yana aiki nan take, amma wuƙa ce mai baki biyu. In ka kashe ta gaba ɗaya rana guda, ruɓewarta za ta zuƙe iskar ruwan, kifin da kake son ceta ya bi ta. Shi ya sa ake fesa kashi ɗaya cikin uku, a jira kwanaki, a ƙara. Kuma gawar gansakukar taki ce ga wadda za ta biyo baya.

Sai maganar rini, wadda Augusta ta yi suna a kai. A 1996 wani ma'aikacin mujallar Golf Digest, Mike Stachura, ya ɗebi ruwan kududdufin rami na 15 aka kai ɗakin gwaji, aka sami launin abinci a ciki. Mutane suka yi ta dariya, wai ashe har ruwan ma kwalliya aka yi masa. Ni ban ga abin kunya a nan ba. Rinin kududdufi, shuɗi ko baƙi, dabara ce sananniya: yana tare hasken rana, abin da ke ƙasa ya kasa tsirowa, kuma ya fi maganin feshi sauƙi ga kifi. Baƙin shi ke ba da madubin nan da furanni ke haskawa a ciki. Sai dai yana da iyaka biyu. Ba ya aiki a bakin gaɓa inda zurfi bai kai santimita 60 ba, don haka ake son kududdufi ya kai zurfin mita 2 ko fiye, gefensa kuma ya nutse da wuri. Sannan ba ya zama a ruwa mai gudu. Duk shekarar da aka yi ruwan sama a makon Masters, dubi hoton da kyau: kududdufin na 16 na nan baƙi wuluk, Rafin Rae kuwa ya koma kalar kunun kanwa.

Gaɓar da aka aske

Littattafan kula da filin golf kusan bakinsu ɗaya a kan gaɓa: a bar ciyawa ta yi tsawo a bakin ruwa, faɗin 'yan mitoci, kada a zuba taki a wurin, kada a fesa magani. Doguwar ciyawa tana tace ruwan da ke gangarowa, saiwarta na riƙe ƙasa kada ta zaizaye, dinya ma ba ta son sauka inda ba ta hango abin da ke ɓoye. Augusta akasin haka take yi. A ramuka na 12 da 15 ana aske gaɓar har bakin ruwa, ta yi sumul, don ƙwallon da ta gaza da taku ɗaya ta gangaro.

Abin da 'yan santimitocin ciyawa ke iya yi, a 1992 aka gan shi. Ranar ƙarshe, Fred Couples na kan gaba, ya buga a rami na 12, mai tsawon yadi 155 kacal. Ƙwallon ta gaza, ta dira a gaɓa, ta fara gangarowa. Kowa ya sadaƙar. Sai ta tsaya cak, rataye a kan gangaren, tazarar da ke tsakaninta da ruwa ba ta fi kamu biyu ba. An yi ruwan sama a makon, ƙasa ta yi laushi, ciyawar ta ɗan ɗara yadda aka saba. Couples ya sauka a hankali, ya kafa ƙafa a gangaren, ya ɗago ta kusa da rami, ya zura. Kafin ya hau ma sai da ya sa sanda ya tsamo wata tsohuwar ƙwallo daga cikin rafin. Ya lashe gasar da bugu biyu, kuma wanda ya zo na biyu shi ne Raymond Floyd, mutumin da ruwan rami na 11 ya cinye shekara biyu kafin nan.

Wasu ba su sami wannan gata ba. Tom Weiskopf ya zuba ƙwallo biyar a rafin a 1980, ya tashi da bugu 13 a rami na 12, wanda ake yi da bugu uku. Jordan Spieth ya zuba biyu a 2016, kambun ya suɓuce masa. Tiger Woods ya yi 10 a 2020. A rami na 15 kuwa, Sergio Garcia, yana riƙe da kambu a 2018, ya ga ƙwallonsa biyar suna dira a girin suna dawowa baya ɗaya bayan ɗaya, suna bin askakkiyar gaɓa zuwa cikin kududdufi.

To, a Augusta wannan aski yana da hujja, domin shi ne wasan. Amma tsadarsa ba kaɗan ba ce. Gaɓar da ba ta da doguwar saiwa sai an riƙa bin ta da hannu, ana cike inda ya zabtare, ana sake dasa ciyawa, ana tsame duk ganyen da ya faɗa ruwa da raga. Kulob ɗin yana da kuɗin, yana da ma'aikatan, yana da wata huɗu da 'yan kai na rufewa duk shekara. Har injin zuƙe danshi daga ƙarƙashin girin, SubAir, a can wani jami'in kula da filin, Marsh Benson, ya ƙirƙiro shi. Masu kula da filaye a Amurka suna da sunan da suke kiran abin da ke biyo bayan gasar duk shekara, ciwon Augusta: 'yan kulob su kalli talabijin ranar Lahadi, ranar Litinin su zo suna tambayar me ya sa namu kududdufin bai yi haka ba. Filin da ya kwaikwayi askin ba tare da aljihun ba, gaɓa mai zabtarewa da koren ruwa zai samu. A ƙasa mai zafi irin tamu ma abin ya wuce ado, domin ruwa mai kwanciya da ciyayi gidan sauro ne da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, ga yara masu ɗaukar jaka suna shiga tsamo ƙwallo.

Ranar 27 ga Satumban 2024 guguwar Helene ta ratsa Augusta. Rafin Rae ya sake cika ya batse, hotunansa suka bazu a intanet, jan ruwa yana gudu a ƙarƙashin gadojin Amen Corner. A wannan karon iska ce ta fi yin ɓarna: bishiyoyi masu yawa suka faɗi, wasu a kan girin na 16, har sai da aka sake gina shi. Birnin ya fi filin jin jiki, kulob ɗin da wata gidauniyar yankin suka ba da dala miliyan 5 don agaji. A Afrilun 2025 aka yi gasar a kan lokaci. Ranar ƙarshe ƙwallon Rory McIlroy ta tsaya gab da kududdufin rami na 11, ya sha da ƙyar. Ramuka biyu bayan nan, daga tazarar da ba ta kai yadi 90 ba, ya tura ta cikin 'yar ƙoramar rami na 13, ya tashi da bugu 7. Sai da aka je bugun raba gardama da Justin Rose kafin ya sanya koren kwat.